Neman Ɗakin Haya a Abuja

Ranar da takardar ɗaukar aiki ta iso hannun wani matashin malami a garinsu, a farkon shekarar 2024, gidansu ya cika da 'yan taya murna. Bai daɗe da kammala karatun N.C.E. ba, ga shi an tura shi koyar da Hausa a wata makarantar firamare da ke Garki, a tsakiyar Abuja. Mahaifiyarsa ta sa masa albarka, iyayen yarinyar da aka yi masa baiko da ita kuwa suka ce da zarar ya sami wurin zama sai a tsayar da ranar biki. Babu wanda ya tambayi inda zai riƙa kwana, shi ma bai tambayi kansa ba.

Da ya isa, sai ya sauka wurin kawunsa mai sayar da yadi a kasuwar Wuse, wanda ke zaune da iyalinsa a ciki da falo a Mararaba. Aka shimfiɗa masa tabarma a falo tare da yara. Kawun mutum ne mai kara, bai taɓa nuna gajiya ba, amma malamin ya san baƙo raɓa ne. Don haka tun a mako na biyu ya shiga neman ɗaki.

Ya fara da unguwannin da ke kusa da makarantarsu. Wani dillali ya karɓi kuɗin gani kafin ya ɗaga ƙafa, sannan ya kai shi wani ɗaki a bayan wani katafaren gida, irin ɗakunan da aka gina domin masu aikin gida. Malamin ya tambayi kuɗin wata, dillalin ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai nan ba a biyan wata-wata. Na shekara ake zubewa, wani mai gidan ma sai na shekara biyu." Bayan wannan akwai la'adar dillali, kashi 10 cikin 100, akwai kuɗin lauyan da zai rubuta yarjejeniya, akwai kuma kuɗin ajiya da ake riƙewa ko ɗan haya zai yi ɓarna. Da malamin ya haɗa lissafi, sai ya ga ko ya tara albashinsa na shekara guda bai ci bai sha ba, ba zai karɓi makullin ɗakin nan ba.

Wannan tsada kuwa tana da tushe, domin ruwa ba ya tsami banza. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta samar da sabon babban birni, saboda Legas ta cika ta batse. An tsara birnin a kan takarda kafin a sa tubali, aka kuma dawo da fadar gwamnati cikinsa a ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Daga nan jama'a suka yi ta kwarara fiye da yadda gidaje ke ƙaruwa. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da tsarin ba ma'aikata kuɗi a maimakon gida, daga baya aka sayar da gidajen gwamnati masu yawa. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, aka rushe gine-gine da dama da suka saɓa wa tsarin. Sai ya zamana Maitama da Asokoro na masu hannu da shuni ne, ƙananan ma'aikata kuwa suka koma Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe, wasu har suka ƙetara zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Jihar Neja. A birni suke wuni, a wata jiha suke kwana.

Malamin ya riga ya ɗanɗana irin wannan zama. Kullum da an sallame sallar asuba yake fitowa bakin titin Keffi, inda tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba idan hanya a buɗe take, takan ci awa biyu saboda cunkoson motoci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ga shi sai ya shiga mota biyu kafin ya isa. Sau da yawa yakan tarar an gama taron safe. Wata rana ya shiga aji yana haki, darasin farko ya kusa ƙarewa, sai wata ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mun share allo tun ɗazu muna jiranka." Ba da nufin gori ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya masa a rai fiye da jan kunnen da shugaban makaranta ya yi masa.

Ana cikin haka sai hanyoyi biyu suka buɗe masa a mako guda. An samo masa ciki da falo a Masaka, mai tsabta, da rijiya a tsakar gida, a kan kuɗin da zai iya biya idan ya kwashi adashe, wurin da zai iya sa amarya ba tare da jin kunya ba. Wani abokin aikinsa kuma ya ce akwai ɗaki ɗaya a wata tsohuwar unguwar Gbagyi da birni ya kewaye, su biyu su raba kuɗin. Ɗakin ƙarami ne, bayi na tarayya, ruwa sai an saya wurin 'yan ga-ruwa, amma da ƙafa ake zuwa makaranta.

A daren nan ya ɗauko takarda ya lissafa kuɗin mota daga Masaka na wata goma sha biyu, ya ɗora a kan kuɗin haya, sai arahar ta gudu. Ya sake lissafa awoyin da zai riƙa ɓatawa a hanya kullum, ya ga su ne awoyin shirya darasi da duba littattafan yara. Kuɗin haya mai gida ake ba, amma kuɗin nisa daga lokacin ɗalibai ake cire shi, alhali ba a yi ciniki da su ba.

Ya kai wa kawunsa takardar. Dattijon ya duba ya ce, "Ɗana, aikin nan shi zai riƙe auren, ba auren ne zai riƙe aikin ba. Bar mini magana da surukan naka." Washegari kawun ya buga waya gida. Mahaifin yarinyar ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce gara a jinkirta da a kai 'yarsa gidan da mijinta ba ya ganin rana a cikinsa. Aka ɗaga biki zuwa baɗi.

A ƙarshen watan malamin ya naɗe katifarsa, ya yi wa matar kawunsa godiya, ya tare a ɗan ɗakin. Ya buɗe asusun ajiya domin hayar gidan aure, yana zuba wani abu duk ƙarshen wata. Ranar Litinin ta farko ya isa makaranta ƙarfe bakwai saura, ya share allon da kansa, ya rubuta kwanan wata da kan darasi, ya tsaya a bakin ƙofa yana amsa gaisuwar yara suna shigowa.