Kwalbar Ƙasa A Unguwar Hausawa Ta New Bell

Duk wanda ya san New Bell da damina ya san yadda kwata ke cika ta tumbatsa har cikin gidaje. To, a irin wannan rana muka ratsa ta bayan babbar kasuwar Duwala, muna tsallake taɓo, muka shiga unguwar Hausawa don amsa kiran wani dattijo da ya ce yana da abin da yake so mu duba masa.

Bayan an gaisa an sha shayi, sai ya sa jikansa ya ɗauko wata kwalba. Ba ta gilashi ba ce, ta yumɓu ce, ja-ja, doguwa, mai gajeren wuya da ɗan mariƙi wanda yatsa ɗaya kawai ke shiga. Ya ce ta kakansa ce, bafatake, kuma a cikinta ake ajiye rubutun sha tun yana yaro. Abu biyu ke damunsa. Wani ya ce masa kwalbar barasa ce. Kuma yana so ta zama shaidar cewa gidansu na nan tun zamanin Jamus, saboda masu ce musu baƙi.

Maganar barasar ba ta banza ba ce. Turawan Holan sun daɗe suna ɗura barasa a irin waɗannan kwalabe, kuma ta shigo gaɓar tekun nan da yawa. Amma irin tasu na ɗauke da sunan kamfani da na gari a kafaɗa, kamar Bols da Amsterdam. Da muka goge kafaɗar wannan da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga hatimi zagayayye, da kalmar SELTERS, da tsuntsu mai buɗaɗɗun fukafukai a tsakiya. Selters maɓuɓɓugar ruwa ce a ƙasar Nassau ta Jamus, ruwa mai ɗan gas da ake sha don lafiya. Muka ce, "Baba, ruwa ta ɗauko, ba giya ba." Ya ce, "Alhamdu lillahi, samari, ku ci gaba."

Tsuntsun nan shi ne farkon lissafi. Lokacin da Nassau ke da sarautar kanta, zaki ake bugawa a hatimin. A 1866 Furushiya ta haɗiye ta, mikiya ta maye gurbin zaki. Ke nan kwalbar ba ta riga 1866 ba.

Sai muka haska tocila a cikinta. Maginan yankin Westerwald, inda ake yin kwalaben, da hannu suke jan yumɓu a kan faifai mai juyawa, don haka tsofaffin na da zobe-zoben yatsa a ciki, kuma ba sa miƙewa sosai. A 1879 aka kawo injin da ke matso jikin kwalba kamar bututu, magini ya ɗora kafaɗa da wuya da mariƙi kawai. Ta dattijon nan santal take, babu sawun yatsa sai a kafaɗa. To, ta bayan 1879 ce. Ƙyallin jikinta kuwa ba fenti ba ne, gishiri ake watsawa cikin wutar gashi.

Wannan ya dace da tarihin garin. A Yulin 1884 sarakunan Duwala suka sa hannu a yarjejeniya da 'yan kasuwar Jamus, jiragen Woermann na Hamburg kuma suka riƙa sauke kaya a bakin kogin Wuri har 1914.

Amma a nan muka ɓata wa Baba rai kaɗan. New Bell kanta ba ta kai kwalbar tsufa ba. Jamusawa ne suka yanke ta lokacin da suka ƙudura tayar da mutanen Duwala daga bakin ruwa, suka bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninta da unguwar Turawa. Kan wannan rigima aka rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914, kuma kafin ƙarshen Satumba Jamusawa sun rasa garin. A zamanin Faransa ne unguwar ta cika da Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu. Kwalba kuwa ba ta ruɓewa. Kuku na iya samunta a gidan Bature a Bonanjo, ta yi shekara talatin tana yawo hannu zuwa hannu kafin ta iso wannan ɗaki. Mu dai a ganinmu, shekarunta kawai za ta iya faɗa, ba na gidan ba. Shaidar gida sai takardar fili, ko tsofaffin rasit na haraji, ko bakin dattawan masallaci, kuma gara a rubuta abin da suka sani tun suna raye.

Baba ya yi shiru, ya juya ta a hannu. Wani ɗan kasuwa ya taɓa taya ta, ya hana. Ya miƙa wa jikan nasa, ya ce a mayar da ita saman kabad, kada yara su taɓa, sannan ya tambaye mu ko za mu dawo ranar Juma'a da takarda da biro.