Ranar da Windows 7 ɗina na cikin VirtualBox ya ƙi tashi

Ka san yadda waya ke yi in ta maƙale a tambari, ta mutu ta kunna, ta mutu ta kunna? To, kwamfutar da ake girkawa a cikin kwamfuta ma tana yin haka.

Ni a shago ina da Windows 7 a cikin VirtualBox, don direbobin tsofaffin wayoyin MediaTek sun fi yi mini aiki a can. Wata Asabar na kwafi faifansa zuwa sabuwar laftof, ga wayar wata Hajiya a kan tebur, ta ce da la'asar za ta dawo. Ina kunnawa tambarin Windows ya fito, shuɗin allo ya gifta, ya koma farko. Wallahi har na kai hannu zan goge in sake girkawa. Da na yi, da fayilolin filashin da na shekara biyu ina tarawa sun tafi.

Kai dai kar ka goge. Bari ya faɗa maka ciwonsa tukuna. Yana tashi ka yi ta danna F8, a wasu laftof sai ka haɗa da Fn, ka zaɓi layin da ke hana shi sake kunna kansa. Nawa sai ya tsaya a kan 0x0000007B, wato Windows ya kasa isa ga faifansa. Ashe can baya a kan IDE yake, sabon saitin ya ɗora shi kan SATA. Na kashe shi, na shiga Storage, na mayar da shi IDE. Ya tashi tsaf.

Tun ranar ba na taɓa saiti sai na ɗauki Snapshot. Hajiya kuwa tana zuwa ta tarar da wayarta a caji.