Daga Matazu Zuwa Maraɗi: Wayarki Za Ta Bi Ki?

Mu mutanen Matazu noma muka gada, dawa da masara da auduga, amma ƙafarmu ba ta zama wuri ɗaya. Wannan ta tafi biki Nijar, waccan ta raka Hajiya Umara, wata kuma aure ya ɗauke ta zuwa Turai. Duk inda mace ta sauka baƙuwa, waya ce uwa, ita ce uba.

Waya kamar rediyo take. Kin ga yadda Baba ke murɗa akwatinsa yana neman gajeren zango? To ita ma waya akwai zangon da take kamawa. Tun da aka fara wayar salula a Nijeriya a 2001, zango 900 da 1800 ake kira da su. Nijar da Saudiyya da Ingila duk haka suke. Amurka kuwa 850 da 1900 ta ɗauka.

Na ga amfanin wannan ranar da muka tafi bikin 'yar yayata a Maraɗi. Daga Matazu muka shiga Katsina, muka bi ta Jibiya, muka tsallaka Ɗan Isa. Da isarmu na sayi layin Airtel na Nijar, na sa a gurbi na biyu, nan take na kira Inna. Muryarta har rawa take, ta ce, "Kun sauka lafiya? Tun azahar nake kan sallaya." Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Wata aminiyata kuwa da aka kai ta gidan miji a Amurka, 'yar ƙaramar wayarta mai madanni ta riƙe. Ko ɗigon sabis babu! Zangon bai zo ɗaya ba, ga shi manyan kamfanonin can sun rufe 3G tun 2022. Angon yana wurin aiki, ita kaɗai a ɗaki, ba ta da yadda za ta ji muryar mahaifiyarta har sai da aka sai mata sabuwa.

Don haka idan kin shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko masoyi ya ce ki zaɓa, kada kyan baya da kyamara su ruɗe ki. Juya kwalin, ki nemi lambar samfurin, ki sa a duba miki a intanet. Ki tabbata tana da zango huɗu: 850, 900, 1800, 1900. A ɓangaren 4G, lamba 3 ce ta fi yawo a Afirka da Turai da ƙasar Larabawa, sai 7 da 20. Mai zuwa Amurka ta nemi 2 da 4 da 12.

Ki kula da wayar da aka aiko daga waje. Wata a kulle take da kamfani ɗaya. Sannan iPhone 14 ta Amurka, wadda ta fito a 2022, ba ta da gurbin sa layi sam, sai layin eSIM da ake saukewa a cikinta. Kafin ki miƙa kuɗi, sa layinki, ki kira gida a gaban mai shagon.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.