Fitilar Mai Ta Yi Ƙarya, Ni Kuma Na Zargi Ɗana

Idan kana da tsohuwar mota mai kujera bakwai, irin wadda ake loda iyali gaba ɗaya a tafi biki, ka san 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban direba idan mai ya kusa ƙarewa. Tamu ta fara rigimarta ne bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da kowace lita ta zama abin lissafi a gida. Sai in sha mai da yamma har rabin tanki, washegari ina tayar da mota fitila ta kama, allura ta kwanta ƙasa.

Kai da me za ka fara zargi? Ni dai waya ko ƙarfe ba su zo mini a rai ba. Babban ɗana ne ya zo, domin shi ke kai ƙannensa Islamiyya da motar. Sau biyu ina tambayarsa ina ya biya, yana cewa, "Wallahi Baba, daga makaranta sai gida." A na uku na karɓe makullin. Mahaifiyarsa ba ta ce uffan ba, ka san kunyar ɗan fari, amma na ga abin a fuskarta har kwana biyu.

Gidan mai ne ya fara kunyata ni. Ranar da albashi ya shigo na je da fitila a kunne, na ce a cika. Tankin yana cin wajen lita 70, amma ko 35 ba a zuba ba famfo ya tsaya. Ashe rabin tanki na nan kwance. Idan fitilarka ta fara irin wannan, da wannan gwajin za ka fara, domin kuɗinka a tankinka zai zauna, ba a aljihun kowa ba.

Rewaya, wato mai gyaran wutar mota, shi ya fito da abin ya nuna mini. A cikin tanki akwai wata 'yar roba mai yawo a saman mai, suna ce mata fulot, a ɗaure a bakin siririn ƙarfe. Idan mai ya sauka ta sauka, ɗaya bakin ƙarfen kuma yana goga wani ɗan allo mai layi-layi, yana canja ƙarfin wutar da ke zuwa wa allura. Allura ba ta ganin mai, abin da allon ya gaya mata take faɗa. Shekara da shekaru ana gugar nan, sai layukan su cinye ko datti ya rufe su. Da ya ɗaga namu a rana, tsakiyar ce ta goge fes. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai motar nan ta daɗe ba ta ga cikakken tanki ba." Gaskiyarsa. Mu da ke rayuwa tsakanin kwata da rabi, wurin nan ɗaya muke ta ci.

Ba kullum allon ne ke da laifi ba. Fulot na iya tsagewa ta sha mai ta nutse, sai allura ta zauna ƙasa ko da ka cika tanki. Soket ɗin da ke saman tanki na iya yin tsatsa, ko wayar at ta saki, alamarta kuwa allura ta riƙa tsalle idan ka faɗa rami. Can ba a rasa ba, gejin da ke gaban direba ne da kansa. Har ajiye mota a gangare kan sa fitila ta kama na ɗan lokaci, wannan ba ciwo ba ne.

Don haka ka sa a fara da mai araha: soket da waya tukuna, sannan a ciro fulot a gwada da mita, ana ɗaga ƙarfen a hankali. Lamba ta riƙa tafiya sannu a jere. Idan ta ɓace a wani wuri, an kama ɓarawo. Wanda ya ce maka a canja famfon mai gaba ɗaya tun bai auna komai ba, ka nemi wani ya duba. A motoci da yawa ana iya canja fulot da allonta kaɗai. Kuma don Allah a cire kan batir, a yi aikin a fili, ban da sigari kusa. Tururin fetur ba ya jiran a ba shi haƙuri.

Kafin in yi gyaran na ɗauki kusan wata ina raina fitilar. Wata rana da magariba, mun wuce Bichi za mu Katsina, ta kama na ce ƙaryarta ce ta kullum. Wannan karon gaskiya ta faɗa. Mota ta fara shaƙewa da yara biyar a baya, ɗan bumburutu ne ya cece mu da galan ɗaya a farashin da ya ga dama. Ban da tsayawa a hanya da dare, famfon da ke cikin tanki da man yake samun sanyi, yawan tafiya da ƙarshen mai yana rage masa kwana. In ba ka da kuɗin gyara yanzu, duk sanda ka sha mai ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, ka san kilomita nawa litocinka ke kai ka.

Ranar da aka gama aikin na kira yaron, na miƙa masa makulli, na ce ashe abin da ke cikin tanki ne ya lalace. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "To Baba." Har ya kai ƙofa na ƙara kiransa na ce ya yi haƙuri. Mahaifiyarsa tana kicin, na ji ta tsaya da daka.