Wata Shida a Ofishin Kamfen



Tun da aka sake jin motsin siyasa, matasa da dama a zumuntarmu suna tambayata ko ya dace mai bi ya shiga aikin kamfen. Suna tambayata ne domin sun san na yi wata shida ina sanin makamar aiki a ofishin kamfen na wani ɗan takarar shugaban ƙasa a nan Jos, daga Satumban 2022 har zuwa zaɓen 2023. Ba zan ambaci sunansa ko jam'iyyarsa ba, gama a kan benci ɗaya a majami'armu akwai magoya bayan kowa. Amsata ita ce ya dace, amma gwajin da ke jiranka a wurin yana cikin ƙananan abubuwa ne, waɗanda ba wanda zai gani sai Allah.

A lokacin ina aji uku a jami'a, ina karanta kimiyyar siyasa. Malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki tun ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba. Zaman gida ya ishe ni. Wani dattijo a unguwarmu ya gaya mini cewa ofishin yana neman ɗaliban da suka iya kwamfuta, babu albashi, sai kuɗin mota da abincin rana. Mama ba ta so ba, ta ce siyasa taɓo ce. Baba kuwa ya ce in je, amma in dawo masa da sunan gidanmu yadda na tafi da shi. Da aka koma makaranta sai na ci gaba da zuwa da yamma da kuma ranar Asabar.

Da yawa suna ɗaukan kamfen shi ne gangami, da huluna, da kiɗa, da jerin motoci. Ni aikina jerin sunaye ne. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, da mazaɓu 8,809, da rumfunan zaɓe 176,846, kuma kowace jam'iyya tana da damar sa wakilinta a kowace rumfa. Sashenmu ne ke tattara sunayen wakilai daga ƙananan hukumomi 17 na Filato, da hotunansu da lambobin wayarsu, a tura wa hukumar zaɓe ta INEC kafin wa'adi ya cika.

Da farko ban ga girman aikin ba sai da aka bayyana mana yadda ƙuri'a take tafiya. Na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe da yatsa ko da fuska. In an gama jefa ƙuri'a, sai a ƙirga a gaban jama'a, malamin zaɓe ya rubuta sakamako a takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa. Daga nan a kai mazaɓa a tattara, sai ƙaramar hukuma, sai jiha, sai Abuja. In lamba ta canja a hanya, wannan kwafin ne shaida. Rumfar da ba ka da wakili, ba ka da bakin magana a kanta.

A nan gwaji na farko ya zo. Tun da akwai alawus ga kowane wakili, wasu shugabannin mazaɓa sukan cusa sunayen 'yan gidansu da ba sa ma zaune a wurin, ko sunayen da babu masu su. An sa ni in kira kowace lamba in tabbatar. Shugabar sashenmu, tsohuwar malamar makaranta ce, takan ce mini, "Ɗana, kada ka gaji da kira. Duk sunan ƙarya ɗaya, rumfa ɗaya ce ba mai tsaro." Wata rana wani mutum, sa'an mahaifina, ya ajiye mini ambulan a kan tebur, ya ce na ruwa ne, in bar jerinsa ya wuce. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba." Ya yi fushi, ya ce yaran yanzu ba su san arziki ba. Gaskiya a ranar kuɗin motar komawa gida kaɗai ke aljihuna. Amma na tuna Daniyel, wanda ya yi wa sarakunan Babila da na Farisa aiki, maƙiyansa suka bincike aikinsa na gwamnati kaf ba su sami abin kama shi da shi ba.

Gwaji na biyu ya fi wuya, domin ba kuɗi a ciki, yatsa ne kawai a kan waya. Kun tuna yadda maganar addini da ƙabila ta yi zafi a wancan zaɓe, musamman kan takarar Musulmi da Musulmi. A ƙarshen Satumban 2022 'yan takara suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a gaban kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar da Bishop Matthew Hassan Kukah. Manya sun sa hannu a Abuja, amma a zaurukan WhatsApp ba wanda ya sa hannu a kan kome. Kullum sai an turo tsohon bidiyo daga wata ƙasa an ce jiya ne a Kaduna, ko maganar da aka yanke rabinta aka liƙa wa ɗan takara. Wasu irin waɗannan saƙonni suna taimakon ɗan takararmu. Wasu kuma, abin baƙin ciki, daga zaurukan masu bi suke fitowa, har da cewa in kana ƙaunar Yesu ka tura wa mutum goma.

Dokar da ta hana shaidar zur ba ta zuwa hutu lokacin zaɓe. Saboda haka na kafa wa kaina ƙa'ida: abin da ban san tushensa ba, a wayata zai mutu. Teburin da ke kusa da nawa na wani ɗalibi ne Musulmi. Muka yi alkawari, in saƙo ya zo game da Musulmi zan nuna masa kafin in gaskata, in ya zo game da Kirista shi ma ya nuna mini. Mu biyun 'yan Jos ne. Iyayenmu sun ba mu labarin 2001, mun kuma ga 2008 da 2010 da idon ƙuruciya. Mun san a garin nan jita-jita ɗaya tana iya sa a ƙone unguwa. Ba a faye gode wa mutum don saƙon da bai tura ba, wasu ma a ofis sun ce ba mu da kishin tafiyar. Har yau ina ganin wannan ne aiki mafi amfani da na yi a wata shidan.

Ranar Asabar, 25 ga Fabrairun 2023, aka yi zaɓe cikin wahalar takardun kuɗi, saboda canjin naira 200 da 500 da 1,000. Wasu wakilanmu da ƙafa suka taka zuwa rumfunansu, suka kai har dare ba ci. Ni ina ofis ina karɓar hotunan EC8A da suke turowa, ina shigar da lambobi yadda suke, da inda muka ci da inda aka kayar da mu. Sakamakon shugaban ƙasa ya yi jinkirin hawa shafin IReV, abin da ya jawo gardama mai yawa. Da asubar 1 ga Maris aka sanar da Bola Tinubu ya yi nasara da ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku Abubakar yana da miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Shari'a ta ci gaba har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 26 ga Oktoban 2023.

'Yan takara 18 ne, kujera ɗaya. Namu bai samu ba, kuma na ji zafi. Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da na gani a tsakaninmu. Wasu 'yan'uwa sun ɗora wa ɗan takara begen da Mai Ceto kaɗai zai iya ɗauka, da ya faɗi sai bangaskiyarsu ta yi sanyi. Wasu sun daina gaisawa saboda kalmar da aka rubuta a Facebook. Manyan da aka yi faɗa dominsu kuwa suna haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza, suna musafaha, wasu ma sun canja jam'iyya.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in dama ta zo maka, ka shiga. Ƙasar nan tana bukatar matasan da za a ba su jerin sunaye ko takardar sakamako a kwana da kwanciyar rai. Ka karɓi katin zaɓenka, ka koyi dokar zaɓe, ka sanar da iyayenka da fastonka inda kake aiki. Tun kafin ka fara, ka yanke abin da ba za ka karɓa ba da abin da ba za ka tura ba, gama ranar da ambulan ya sauka a teburinka ba lokacin dogon tunani. Wanda yake wata jam'iyya kuma ɗan'uwanka ne, tare za ku ci jibin Ubangiji bayan zaɓe. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a yi wa masu mulki addu'a a zamanin da sarkin Roma ba mai bi ba ne, mu ma wanda ya hau, ko mun zaɓe shi ko ba mu zaɓe shi ba, yana cikin addu'armu.

Ubangiji, ka tsare hannuwanmu daga toshiya, ka tsare bakunanmu da wayoyinmu daga ƙarya, ka ba ƙasarmu shugabanni masu tsoronka, ka riƙe zumuncinmu. Cikin sunan Yesu, amin.