Ranar da Aka Kai Ni Cin Taliyar Japan

'Yan uwana mata, sau nawa kuka karanta a littattafanmu an ɗauki budurwa a mota an kai ta gidan cin abinci na alfarma? Ni kaina na rubuta hakan har sau biyu, alhali wallahi ban taɓa leƙa irin wurin ba. Sai da abin ya zo kaina.

Wanda yake nemana a lokacin akawu ne a wata masana'antar fata a Challawa. Wani injiniya ya zo musu daga Japan gyaran inji, da ya gama manaja ya shirya masa liyafa a wani gidan abincin 'yan Sin da ke Bompai, aka ce kowa ya zo da iyalinsa. Da ƙyar Umma ta yarda, shi ma sai da ta haɗa ni da autarmu.

Baƙon dattijo ne mai fara'a. Ya taho da tsarabar garinsu, ya ba masu kicin suka dafa. Sunanta soba. Siririya ce kamar taliyar murji, sai dai launinta toka-toka, don ba garin alkama ne zallarsa ba, da wani hatsi ake yin ta da ba ma nomawa a nan. Abin mamaki da sanyinta aka kawo, a kan ɗan faifan gora. Kai jama'a, taliya ba mai ba yaji! Ga tsinke biyu a madadin cokali, auta tana ta fama tana ƙunshe dariya. Shi kuwa zuƙa yake har da ƙara, wai a wurinsu wannan ba rashin ladabi ba ne. Ya ce a daren ƙarshe na shekara kusan kowane gida a Japan sai an ci ta, tsawonta fatan tsawon rai ne, saurin tsinkewarta kuma wahalar bara ce ake yankewa.

Can sai ya fito da kwalba daga jakarsa, ya tsiyaya mana a 'yan ƙananan kofuna. Garau kamar ruwa. Na tambaya, ya ce sake ne, da shinkafa ake yi. Bai ɓoye komai ba: giya ce, ƙarfinta wajen kashi 15 cikin 100, ninki uku na wadda ake sayarwa a kwalba ke nan. Gabana ya faɗi ras. Na ƙara tambayar romon da ake tsoma taliyar, ya ce shi ma akwai 'yar giyar shinkafa mai zaƙi a ciki. Allah Ya taimake ni tsinke ya hana ni kaiwa baki.

Na ture kofin a hankali. Dattijon nan ya miƙe ya sunkuya yana ba da haƙuri, ya sa aka kawo mana shayi, muka ci taliyarmu gaya.

Mutumin nawa ne ya matso kunnena ya ce, "Haba, ko leɓe ki taɓa mana, kar ki ba ni kunya gaban oga." Na dubi kofinsa, babu komai a ciki.

A hanya ba wanda ya ce uffan har muka wuce Sharada. Auta ce kawai ta ce, "Yaya, ni yunwa nake ji." Muna shiga gida na dafa mata Indomie da ƙwai, Umma tana daga ɗaki tana tambaya yaya liyafa. Na ce mata, "Umma, da safe ina da magana da Baba kafin a kawo kayan sa rana."