Wat Biyar Amana Ce

A filin ƙwallo akwai alƙalin wasa, a ɗakin jarrabawa akwai mai sa ido. Amma akwai wata gasa da dubban mutane ke shiga duk shekara daga kowace nahiya, kowa a ɗakinsa, babu mai ganin abin da hannunsa ke yi sai Allah. Ita ce gasar masu rediyon sha'awa da ke aika wa juna saƙo da haruffan Mos. A cikin wannan gasa na taɓa cin amana. Ba wanda ya kama ni, ba kuma wanda ya tilasta mini wannan rubutu. Na yi shi ne don matasan da suka fara sha'awar harkar su ji daga bakin wanda ya faɗa ramin.

Mutanenmu ba baƙin gajeren zango ba ne, domin mun tashi muna murɗa akwatin rediyo muna neman mita 19 ko mita 25 don jin labaran duniya. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a tsakankanin waɗannan tashoshi an keɓe wasu wurare ga ɗaiɗaikun mutane masu lasisi, su riƙa magana da juna ba don neman kuɗi ba. A shida daga cikinsu ake yin manyan gasanni: mita 160, 80, 40, 20, 15 da 10. Kowa yana da lambar kira mai nuna ƙasarsa. Ta ɗan Najeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U, ta ɗan Gana kuma da 9G.

Su kuwa haruffan Mos, ƙara ce gajera da ƙara doguwa ake jerawa su ba da baƙi. Asalinsu wayar tangaraho, tun saƙon da Samuel Mos ya aika daga Washinton zuwa Baltimo a 1844. Jiragen ruwa sun daina dogara da su wajen neman agaji a 1999, kuma a 2003 taron sadarwa na duniya ya janye sharaɗin sai mutum ya iya su kafin a ba shi lasisin gajeren zango. Duk da haka ba su mutu ba, saboda suna isa inda murya ba ta isa. Murya tana cin faɗin wajen haz 2,400, alhali ana iya tace siginar Mos cikin haz 500 ko ƙasa da haka. Idan ƙofa ta tsuke, hayaniyar da ke shiga sai ta ragu, kunne ya iya tsinto sigina mai rauni ƙwarai.

Wannan ne ya ba wasunmu damar rungumar abin da ake kira QRP, wato aika saƙo da ƙarfin da bai wuce wat 5 ba. Manyan gidajen rediyo na gajeren zango suna watsa shirye-shirye da dubban ɗaruruwan wat, manyan 'yan gasa suna kai wat 1,500, mu kuma muna ƙetare teku da 5. Masu wannan ra'ayi suna da ƙungiyoyinsu. A Ingila wani limamin coci, George Dobbs, ya kafa ƙungiyar G-QRP a 1974. Abin alfaharinmu ɗaya ne: abin da wani ya samu da ƙarfin lantarki, kai ka same shi da haƙuri da kunne da sanin lokacin da sama ke buɗewa.

Gasar da abin ya faru a cikinta ita ce CQ World Wide, wadda mujallar CQ ta Amurka ta fara a 1948. Ɓangarenta na Mos ana yin sa a ƙarshen makon ƙarshe na Nuwamba, awa 48 ba tsayawa, daga ƙarfe ɗaya na daren Juma'a wayewar Asabar a agogonmu. An raba duniya shiyya 40, mu da Nijar da Gana muna ta 35. Ka ji mutum yana kira, ka aika lambarka, ya maimaita ta ya ba ka shiyyarsa, kai ma ka ba shi taka, shi ke nan, cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. Haɗuwa da tashar wata nahiya maki uku ce. Amma abin da ke ɗaga mutum shi ne ninki: kowace sabuwar ƙasa da kowace sabuwar shiyya a kowane zango tana ƙara adadin da za a ninka jimillar makinka da shi. Don haka shiyya guda da ta kuɓuce maka tana iya fin haɗuwa masu yawa zafi a rai.

Na'urata mai wat 100 ce, amma tana da maɓallin rage ƙarfi, sai na sauke ta zuwa 5. Batirin sola ke ba ta wuta, eriyata kuwa waya ce da na ɗaure tsakanin bishiyar darbejiya da wani dogon ƙarfe. Tun kafin a fara na cika kan rajistata a kwamfuta, wato kundin da ake rubuta kowace haɗuwa a aika wa masu gasar, na rubuta QRP a layin ƙarfi don in shiga rukunin masu wat 5. Asabar ta yi kyau. Turai ta samu, Barazil ta samu, gabashin Amurka ma ya samu. Lambar 5N tana da tsada a irin wannan gasa saboda mu kaɗan ne, don haka duk wanda ya tsinci baƙi biyu na farkon lambata sai ya dage har ya ji sauran.

Da daren Lahadi, bayan isha'i, na ji wata tasha daga Kalifoniya a mita 20. Shiyya ta 3 ke nan, kuma ban same ta ba a kowane zango. Siginar tana zuwa tana dusashewa, tashoshi masu ƙarfi sun yi mata caa. Na kira, na sake kira, ko alamar an ji ni babu. Barci ya ci ƙarfina, baya ya ƙage, ga lokaci yana ƙurewa. Sai zuciya ta ce mini: sau ɗaya ne, wa zai sani? Na murɗa maɓallin har ƙarshe. A kira na biyu mutumin ya dawo da lambata cikakkiya. Na rubuta shi a rajista, hannuna na rawa, amma ban mayar da maɓallin ba. Na ce bari in ɗauki wata tashar da ke kusa, daga ita sai wata, har aka tashi daga gasar ina kan wat 100.

Ina so mai karatu ya lura da inda laifin yake. Ƙara ƙarfi shi kansa bai saɓa wa doka ba. Lasisina bai hana ni ba, gasar ma tana da rukunin masu wat 100. Da na buɗe rajistar na canja kalma ɗaya a wancan layi, da na fita ba ni da alhakin kowa. A lokacin akwai kwana biyar tsakanin ƙarshen gasa da rufe karɓar rajista, kuma na yi barci na huta, hankalina ya dawo. Da idona biyu na dubi layin, na bar shi yadda yake, na aika. Abin da na yi da daren Lahadi gajiya tana da hannu a ciki. Abin da na yi da na aika rajistar kuwa zaɓi ne, kuma sunansa ƙarya.

Na yi ta lallashin kaina da lissafi. Na ce ai wat 100 bai fi wat 5 da komai ba sai desibel 13, wajen mataki biyu ke nan a kan ma'aunin sigina mai mataki tara. Lissafin gaskiya ne, amma hujjar banza ce. Waɗannan matakai biyu su ne tazarar da ke tsakanin a ji ka da kada a ji ka, kuma saboda su aka ware rukunin tun farko. Ninki ashirin na ƙara, sannan na je na tsaya a sahun mutanen da suka kwana biyu suna jure abin da ni na kasa jurewa.

Da aka fitar da makin farko, wanda ake nunawa kafin a gama tantancewa, sai ga lambata a wuri mai kyau. Dattijon da ya koya mini Mos ya kira ni a waya, muryarsa cike da murna. Ya ce, "Ɗana, ka fitar da mu kunya. Har shiyya ta 3 da wat biyar da 'yar wayar nan taka? Faɗa mini ƙarfe nawa ne, in gaya wa yaran nan su ma su gwada." Na faɗa masa lokacin, na yi godiya, na kashe waya. Daren nan ban runtsa ba. Mutumin da ya zauna da ni yana maimaita mini baƙi ɗaya har ya zauna a kunnena, shi ne yanzu zai ɗauki ƙaryata ya kai wa ɗalibansa a matsayin ilimi.

Washegari na same shi a zaurensa. Bayan mun gaisa na ce, "Allah ya gafarta Malam, abin da kuka yaba mini jiya ba haka yake ba." Na kwashe komai na faɗa masa. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ni ba ni ka cuta ba. Je ka dubi sunan da ke ƙasa da naka a jerin, shi za ka biya." Ya umarce ni in rubuta wa masu shirya gasar a ranar. Na rubuta musu cewa na wuce iyakar ƙarfi a sa'o'in ƙarshe, na roƙi a cire ni daga rukunin QRP, a bar rajistata don tantance ta sauran mutane kawai. Haka aka yi.

Maganar Malam ita ta buɗe mini ido. A da ina ganin abin tsakanina da kaina ne, tunda babu kuɗi a gasar, iyakarta takardar shaida ko allon yabo. Ashe akwai mutum a wata ƙasa da ya riƙe wat biyar ɗinsa har ƙarshe, na ture shi mataki ɗaya ba tare da ya sani ba. Akwai kuma masu duba sakamako don su san abin da ƙaramar tasha za ta iya yi daga Afirka ta Yamma, na gurɓata musu ma'auni. Sannan ga sunan 5N. Inda mutane suke kaɗan, tabon mutum ɗaya yana shafar kowa.

Masu gasar suna da hanyoyin tantancewa. Kwamfuta tana gwada kowace rajista da 'yar'uwarta, idan ka rubuta lambar wani ba daidai ba, ko babu kai a rajistarsa, a cire haɗuwar a kuma yanke maka maki. Akwai kuma na'urorin sauraro a ƙasashe da dama da ke rubuta ƙarfin siginar duk mai kira su ɗora a intanet. Sai dai ƙarfin sigina yana hawa da sauka da yanayin sama da irin eriya, don haka wuya ne a tabbatar da wat nawa ke fita daga ɗakin mutum. Rukunin QRP kacokan a kan maganar mai shi ya tsaya. Ranar da aka daina yarda da wannan magana, rukunin ya rushe.

Bayan haka na koma na koyi abin da ya kamata in yi a wancan dare. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya kokawa da taro. Yana sauraro har ya gane yadda mai kira ke ɗaukar mutane, ya ɗan gusa da siginarsa gefe kaɗan don sautinta ya bambanta da na sauran, ya aika lambarsa cikakkiya sau ɗaya a daidai lokacin da hayaniya ta lafa. Idan ba a ji shi ba ya rubuta wurin, ya wuce, ya dawo an jima, domin zuwa ƙarshen gasa manyan tashoshi kan rasa masu kiransu, su koma kasa kunne ga raunana. Ƙarin da ya halatta kuma a eriya yake: ka ɗaga ta sama, ka gyara tsawonta, ka rage asarar da ake yi a igiyar da ke kai mata wuta.

Na kuma ɗauki matakin da ya fi duka amfani a gare ni. Na daina shiga gasa da na'ura mai wat 100, na koma ƙarama wadda ko an so ba ta wuce 5, na sa mata ma'aunin ƙarfi na daban a gabana. Na san kaina yanzu, na san mutumin da ya kwana biyu bai yi barci ba bai kamata a bar masa irin wannan zaɓi a kusa da yatsunsa ba. Makina ya ragu a gasannin da suka biyo baya, akwai shiyyoyin da nake ji da kunnena su wuce ni ina kallo. Amma duk abin da ke cikin rajistata yanzu zan iya buɗe shi a gaban Malam.

Kira nake ga duk matashin da ke shirin karɓar lasisi ya shiga wannan harka mai daɗi: ka yanke rukuninka tun kafin a fara, ka auna ƙarfinka da ma'auni, kada ka dogara da zato. Idan ka wuce iyaka, ko da minti ɗaya ne, ka rubuta gaskiya a kan rajistarka, babu abin kunya a rukunin wat 100. In kuwa ka riga ka aika ƙarya, ka gyara yau, tun kafin wani ya gina ilimi a kanta. Ga wanda bai taɓa riƙe maɓallin Mos ba, ya duba nasa aikin, domin kowa yana da layin da yake cikewa babu mai dubawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya ba mu ikon riƙe amana a ɓoye da sarari.